Babi na Biyar: Ƙodar da Ake Reno a Ɗakin Bincike

Me ya sa ƙoda ba ta farfaɗowa idan ta mutu? Fata tana yankewa ta haɗe. Ƙashi yana karyewa, a ɗora shi, bayan 'yan makonni ya kama. Hanta ma ana iya yanke fiye da rabinta ta sake cikowa. Amma da zarar likita ya ce ƙodojin mutum sun daina aiki, magana ta koma wankin ƙoda ko dashe. Iyalan da ke ɗaukar majinyaci daga Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha, su haye gadar Kogin Kaduna zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko su miƙe har asibitin Shika, sun san nauyin wannan tambaya. Ƙa'idar wankin ƙoda sau uku ne a mako, kowane zama kusan awa 4, kuma ba shi da ranar gamawa.

Amsar tana can baya, tun kafin haihuwa. Sau ɗaya ake gina ƙoda, a cikin mahaifa, kuma magina suna watsewa kafin jariri ya faɗo duniya. Duk mai son sanin dalilin da ya sa ba ta sake tohowa, sai ya fara sanin yadda aka gina ta. Wahalar ita ce ginin yana gudana a inda ido ba ya kaiwa. Dabarar da masana suka ɓullo da ita don leƙa wannan wuri ita ce renon ƙwayoyin halittar ɗan Adam a ɗakin bincike.

Aikin da ƙoda ke yi

Ƙoda biyu ne, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyin kowacce kusan giram 150 ne, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi. A kowace rana suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Ban da tacewa, su ne ke daidaita gishiri da ruwan jiki da ƙarfin bugun jini, su ne kuma ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda kan yi fama da kumburi da hawan jini da ƙarancin jini a lokaci guda.

Ainihin ma'aikacin shi ne wani ɗan mataci da ake kira nefron, wanda ba a ganinsa sai da madubin ƙara girma. Kansa dunƙulen siraran jijiyoyin jini ne, lulluɓe da wasu ƙwayoyi masu yatsu da ke sarƙe da juna, suna barin 'yan ƙofofin da ruwa ke wucewa amma furotin ba ya wucewa. Daga nan sai dogon bututu mai lanƙwasa, wanda ke tsotse suga da gishiri da ruwa ya mayar cikin jini. Ƙoda guda tana da irin waɗannan matatai kusan miliyan ɗaya. Sai dai wannan matsakaicin lissafi ne. An samu mutanen da nasu bai fi 200,000 ba, an kuma samu masu fiye da miliyan biyu.

Ƙoda uku a ciki ɗaya

Ɗan tayi ba ya fara da ƙodar da zai rayu da ita. A mako na 4 wata ƙoda ta farko tana bayyana wajen wuya, ta shuɗe cikin kwanaki ba tare da ta yi aiki ba. Ta biyu tana biyo baya a tsakiyar jiki, ta yi aiki na 'yan makonni, sannan mafi yawanta ya narke. A jikin namiji bututunta yana saura, ya zama hanyar maniyyi. Ta uku, wadda ita ce ta dindindin, tana farawa a mako na 5 a can ƙasa cikin ƙugu, daga baya ta hau zuwa mazauninta.

Abu biyu ne ke haɗuwa su gina ta. Na farko wani ɗan toho ne da ke fitowa daga bututun ƙoda ta biyu. Na biyu tarin ƙwayoyi ne da ba su riga sun ɗauki kama ba, suna jira a gefe. Tarin yana fitar da wani sinadari mai suna GDNF, wanda ke kiran tohon ya shigo cikinsa ya rabu biyu. Kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har kusan sau 15. Shi kuma tohon yana mayar da nasa saƙon: ƙwayoyin da ke kan kowane reshe su dunƙule, su buɗe rami a tsakiya, su lanƙwashe, su zama nefron. Rassan su ne ke zama magudanan da ke tattara fitsari, gindin tohon kuma ya zama bututun da ke kai shi mafitsara.

Wajen mako na 10 ƙodar ta fara fitar da fitsari. Daga tsakiyar ciki zuwa haihuwa, mafi yawan ruwan da jariri ke kwance a ciki fitsarinsa ne, kuma huhunsa yana buƙatar wannan ruwa don ya girma. Wannan ne dalilin da ya sa mai ɗaukar hoton ciki ke auna yawan ruwan: ƙarancinsa na iya nuna cewa ƙodar jaririn ba ta tafiya daidai. Idan tohon bai fito ba, a haifi yaro da ƙoda ɗaya. Idan ya fito biyu, a samu bututu biyu a gefe guda. Idan ƙodojin suka manne a ƙasa kafin su hau, su zama guda mai lanƙwasa, abin da ke faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin 500. Irin waɗannan tangarɗa na gini su ne kan gaba wajen kashe ƙodar yara a duniya.

Ranar da ake rufe lissafi

Wajen mako na 36 ƙwayoyin nan masu zama nefron suna ƙarewa baki ɗaya. Daga ranar ba a ƙara ko guda ɗaya. Bututun da ya ji rauni yana iya gyara bangonsa, shi ya sa wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya saboda amai da gudawa ko zubar jini yakan warke. Amma nefron ɗin da ya mutu gaba ɗaya ya tafi ke nan, tabo ne ke maye gurbinsa. Wasu kifaye suna ƙera sababbi har ƙarshen rayuwarsu, ɗan Adam kuwa da abin da aka haife shi da shi zai ƙarasa.

Fiye da rabin matatan ana ƙera su ne a watanni ukun ƙarshe na ciki. Don haka bakwaini, da jaririn da aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, sukan zo da ƙarancinsu. A 1988 wani likitan ƙoda na Amurka, Barry Brenner, ya kawo hujjar cewa wanda ya fara rayuwa da matatai kaɗan, kowane ɗaya yana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, ya gaji da wuri, sai hawan jini da ciwon ƙoda su bayyana a shekarun girma. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe da dama ya ƙarfafa wannan magana.

Abubuwan da ke hana jariri cika nauyi sanannu ne a asibitocin haihuwa na Kakuri, irin su Gwamna Awan da St. Gerard: zazzaɓin cizon sauro lokacin ciki, ƙarancin jini, rashin isasshen abinci, da hawan jinin masu juna biyu. Akwai kuma magunguna. Na hawan jini irin lisinopril yana lalata ƙodar ɗan tayi, magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac kuma suna rage aikinta bayan mako na 20. Ke nan awon ciki, da kwana cikin gidan sauro, da barin sayen magani a kemis ba tare da izinin likita ba, duk kariya ce ga ƙodar mutumin da zai kai shekara 50 nan gaba.

Ɓera bai isa ba

Ba a buɗe cikin mace don a kalli ƙodar ɗanta tana girma. Saboda haka shekaru masu yawa ɓera ne malamin masana. A shekarun 1950 Clifford Grobstein a Amurka ya ciro ƙodar ɗan tayin ɓera, ya raba tohon da tarin ƙwayoyin, ya rene su daban-daban. Kowanne ya tsaya cik. Da ya haɗa su, sai gini ya ci gaba a cikin faranti. Nan aka tabbatar cewa ƙoda ba ta ginuwa sai ɓangarorin biyu suna aika wa juna saƙo. A 1994 aka samar da ɓerayen da ba su da ƙwayar gadon RET, wadda ke karɓar kiran GDNF, sai aka haife su babu ƙoda ko da ɗan guntunta.

Duk da haka ɓera ba mutum ba ne. Cikinsa bai kai mako uku ba, matatan ƙodarsa dubbai ne kawai, kuma yana ci gaba da ƙera su 'yan kwanaki bayan haihuwa. Akwai ma ƙwayoyin gadon da mutum ke da su, ɓera ba shi da su ko kaɗan. Dole aka nemi hanyar aiki da ƙwayoyin mutum kansa.

Yadda ake renon ƙwayoyi

Ƙwayar halittar da aka ciro daga jiki ba ta mutuwa nan take. Idan aka sa ta a kwalba mai faɗin gindi, aka zuba mata ruwa mai ɗauke da suga da gishiri da bitamin da sauran abincinta, aka ajiye a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, sai ta manne a ƙasa ta fara rabuwa biyu. Idan gindin kwalbar ya cika, a ɗebi kaɗan a zuba a sabuwa. Haka mai nono ke yi: ta rage ɗan kindirmon jiya ta zuba a madarar yau, gobe ma ta rage daga na yau, iri ɗaya yana tafiya shekara da shekaru. Ƙwayoyin da ake riƙe su ta wannan hanya, dukkansu daga tushe ɗaya, su ake kira zuriyar ƙwayoyi. Rarar kuma a daskarar da ita cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, a farkar da ita bayan shekaru.

Ƙwayoyin lafiyayyen jiki suna da wa'adi. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa bayan rabuwa kusan sau 50 sukan tsaya. Waɗanda ba sa tsayawa su ne na ciwon daji, ko waɗanda aka sauya musu tsarin gado. Zuriyar ƙwayoyin ɗan Adam ta farko da ta ɗore an samo ta ne a 1951 a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, daga ciwon dajin bakin mahaifa na wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks. Ta rasu a shekarar, ba a kuma nemi izininta ba. Ƙwayoyinta, da ake kira HeLa, har yau suna raye a ɗakunan bincike na duniya.

Ƙoda ta ba da zuriyoyi da dama. A 1958 aka samu MDCK daga ƙodar kare, a 1962 aka samu Vero a Japan daga ƙodar wani birin Afirka. A 1973, a birnin Leiden na ƙasar Holan, Frank Graham ya saka gutsuren ƙwayar cutar bairos cikin ƙwayoyin ƙodar ɗan tayin mutum, ya samu zuriyar HEK 293.

Nijeriya ta daɗe tana cin moriyar wannan fasaha. Ɗakunan binciken shan inna na Ibadan da Maiduguri a kan zuriyar ƙwayoyi suke zuba samfurin bayan gidan yaran da suka shanye, su ga ko cutar za ta tsiro, aikin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a Agustan 2020. Rigakafin annobar awaki da tumaki da ake yi a ƙasashe da yawa an samo shi ne daga ƙwayar cutar da aka ware a Nijeriya a 1975, aka raunana ta ta hanyar renonta a cikin ƙwayoyin Vero. Rigakafin korona na AstraZeneca da ya iso ƙasar a Maris 2021 kuwa a cikin zuriyar HEK 293 aka haɗa shi.

Inda tsofaffin zuriyoyi suka gaza

Waɗannan zuriyoyi sun amsa tambayoyi masu nauyi. A 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar tsayar da ƙodarsu, kuma Zariya na cikin wuraren da aka ga abin. A 2011 masana a Amurka suka gwada a kan ƙwayoyin bututun ƙodar mutum da aka rena, suka gano cewa ba sinadarin kansa ke kashe su ba, wani asid ne da jiki ke juya shi zuwa gare shi.

Amma ga mai son ganin gini, ba su wadatar ba. Ƙoda tana da ƙwayoyi fiye da iri 20, a jere cikin tsari mai tsawo da faɗi da zurfi, zuriya kuwa iri ɗaya ce shimfiɗe a gindin kwalba. HEK 293, duk da an ciro ta daga ƙodar ɗan tayi, bincike ya nuna halayenta sun fi kama da na ƙwayoyin jijiya, kuma tsarin gadonta ya hargitse. Tana da amfani wajen ƙera furotin da gwada magani, amma ba ta iya zama nefron. Ga kuma damuwar addini, domin asalinta daga cikin da aka zubar ne, abin da Musulmi da Kirista da yawa ba su natsu da shi ba.

Mayar da ƙwaya ƙuruciya

Abin da ake buƙata shi ne ƙwayar tushe, wato wadda ba ta riga ta zaɓi abin da za ta zama ba. A 1998 James Thomson a Amurka ya rena irinta daga ɗan tayin mutum mai 'yan kwanaki, lamarin da ya tayar da muhawara mai zafi. Mafita ta fito daga Jami'ar Kyoto. A 2006 Shinya Yamanaka ya nuna cewa idan aka kunna ƙwayoyin gado huɗu kacal a cikin ƙwayar fatar ɓera, sai ta manta cewa ita fata ce, ta koma matsayin farko. A 2007 ya maimaita da fatar mutum, a 2012 aka ba shi kyautar Nobel.

Wannan ya sauya komai. Ba a buƙatar ɗan tayi. Ɗan yankin fata ko ɗan jini daga babban mutum ya isa, a 2011 ma masana a Guangzhou ta ƙasar Sin suka yi da ƙwayoyin da ke fita cikin fitsari. Zuriyar da aka samu tana ɗauke da gadon mai ita cif-cif, har da duk wata tangarɗa da ya gada.

Yadda ake haɗa 'yar ƙoda

Ƙwayar tushe tana iya zama komai, don haka aikin shi ne a bi da ita hanyar ƙoda, mataki bayan mataki, da irin saƙonnin da take ji a mahaifa. A 2014 Atsuhiro Taguchi da Ryuichi Nishinakamura na Jami'ar Kumamoto a Japan suka samar da nefron daga ƙwayoyin tushe. A 2015 Minoru Takasato da Melissa Little a Ostireliya, da wasu masana a Boston, suka fitar da nasu hanyoyin.

A hanyar Ostireliya, ana shimfiɗa ƙwayoyin a ba su wani sinadari mai kwaikwayon wani saƙo da ake kira Wnt na kusan kwana 4. Sai a canza zuwa wani mai suna FGF9 har kwana na 7. Daga nan a tattara su a dunƙule, a ɗora a kan wani siririn tantani, abinci a ƙasa, iska a sama. Abin da ke biyo baya ba hannun mutum ke yinsa ba. Ƙwayoyin da kansu suke rarrabuwa, su jeru, su buɗe bututu. Bayan mako biyu zuwa uku sai ga farin dunƙule mai faɗin 'yan milimita, ɗauke da ɗaruruwan nefron, kowanne da kansa da bututunsa a jere daidai. Masana suna kiransa oganoyid.

Tun a hanyar haɗawar aka koyi darasi. Masanan Kumamoto sun gano cewa tohon da tarin ƙwayoyin ba lokaci ɗaya suke fitowa ba, kuma ba wuri ɗaya ba, saɓanin yadda aka daɗe ana koyarwa. Na Ostireliya suka nuna cewa tsawon kwanakin da ƙwaya ta yi tana jin saƙon Wnt shi ke yanke mata hukunci: kwanaki kaɗan, ta karkata ga zama magudana, kwanaki da yawa, ta karkata ga zama nefron.

Sai kuma cututtuka. A 2015 Benjamin Freedman ya yi amfani da fasahar gyaran gado mai suna CRISPR ya kashe ƙwayar gadon da ke da hannu a ciwon ƙoda mai ƙulle-ƙullen ruwa, wanda ake gada a dangi, sai bututun 'yar ƙodar suka kumbura kamar yadda suke yi a jikin majinyaci. A 2018 a Kumamoto aka haɗa 'yar ƙoda daga ƙwayoyin wani majinyaci da aka haifa yana zubar da furotin a fitsari. Aka ga ƙofofin matacin ba su haɗu ba. Da aka gyara harafin gadon da ya karkace, sai suka haɗu. Ana kuma zuba musu magunguna irin gentamicin da cisplatin a ga ɓarnar da suke yi wa bututu.

Gadon da ƙudan tsando ya bari

Akwai ciwon da ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya taɓa addabar ƙasar Zazzau har aka tashi ƙauyuka aka gina Takalafiya kusa da Anchau, kuma cibiyar binciken cutar, wadda aka kafa a 1947, hedikwatarta tana Kaduna. A jinin ɗan Adam akwai furotin mai suna APOL1 da ke huda wasu nau'o'in ƙwayar cutar ya kashe su. A 2010 aka gano cewa wasu nau'o'insa biyu, G1 da G2, waɗanda suka yaɗu a Afirka saboda ƙarin kariyar da suke bayarwa, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda.

Wani bincike da aka buga a 2024, kan mutum 8,355 a Nijeriya da Ghana, ya samu kusan kashi 30 cikin 100 na mahalarta suna ɗauke da kwafi biyu, kuma haɗarin ciwon ƙoda a wurinsu ya ɗara na waɗanda ba su da kwafi biyun da kusan kashi 25 cikin 100. Rabon ba daidai yake ba tsakanin al'ummomi. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka buga a 2021, ya samu kusan kashi 6 cikin 100, kuma ya fi ƙaranci ƙwarai a Hausawa da Fulani idan aka gwada da Ibo da Yarabawa. Ɗaukar kwafi biyu ba hukunci ba ne, domin mafi yawan masu shi ba sa kamuwa sai wani abu ya tunzura shi, kamar cutar HIV.

Ɓera ba shi da APOL1. A nan ƙwayoyin reno suka nuna amfaninsu. A cikin HEK 293 aka saka nau'o'in nan, aka gwada wani magani mai suna inaxaplin da ke toshe ramin da furotin ɗin ke hudawa. A ƙaramin gwajin da aka buga a 2023, furotin ɗin da majinyata 13 ke zubarwa a fitsari ya ragu da kusan rabi cikin mako 13. Ana kuma haɗa 'yan ƙodoji masu ɗauke da G1 da G2 don ganin abin da ke faruwa a matacin.

Abin da bai samu ba tukuna

'Yar ƙodar ɗakin bincike ba ƙodar dashe ba ce. Girmanta na ɗan tayi ne mai 'yan watanni. Jini ba ya gudana a cikinta, ba ta da bututun fitar da fitsari, kuma kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ƙwayoyinta sukan ɓace hanya su zama na jijiya ko tsoka. Idan ta daɗe, tsakiyarta yakan mutu saboda rashin iska. A 2018 masana a Leiden suka dasa ta a jikin ƙodar ɓera, jijiyoyin jini suka shige ta, ta ƙara nuna. Duk da haka tsakanin ɗaruruwan nefron da miliyan akwai tafiya. Saboda haka duk wanda ke tallan garin magani ko allura da sunan ƙwayoyin tushe, yana cewa zai tayar da matacciyar ƙoda, yaudara yake yi, kuma jinkirin da zai jawo wa majinyaci na iya cin ransa.

Ƙwayoyin wa ake reno?

Mafi yawan zuriyoyin ƙwayoyin tushe da ke ajiye a duniya daga Turawa aka samo su, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado. Maganin da aka gwada a kan ƙwayoyin wasu ba lallai ya yi daidai da jikin wasu ba. Kudancin birnin Kaduna misali ne na abin da ake asararsa. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo a 1964, unguwannin Makera da Nasarawa da Television da Narayi suka tara Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Hausawa da Tibi da Idoma da Ibo da Yarabawa. Da wuya a samu wuri mai irin wannan taro da ya fi dacewa da binciken yadda gado ke taɓa ƙoda.

An fara ɗaukar hanya a Arewa. A 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancin Dokta Mahmoud Bukar Maina. A 2024 masananta, tare da abokan aiki na ƙetare, suka ba da rahoton zuriyar ƙwayoyin tushe daga wani lafiyayyen ɗan Nijeriya. Cibiyar tana kuma binciken ciwon ƙodar da ya daɗe yana damun mutanen Gashuwa da kewaye.

Aikin yana da sharuɗɗa. Yana son wutar da ba ta ɗaukewa, domin akwatin ɗumi ba ya jure yankewa, yana son kayan aiki da ke isowa cikin sanyi, da ƙwararrun da za su zauna a gida. Sama da duka yana son amana. Labarin Henrietta Lacks, da gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, sun isa darasi. Wanda zai ba da jininsa ko fitsarinsa haƙƙinsa ne a yi masa bayani da harshen da yake ji: me za a yi da ƙwayoyinsa, ina za a kai su, wa zai amfana.

Kafin ɗakin bincike ya iya ƙera ƙodar da za ta ɗauki mutum, majinyacin yau ƙodar wani yake jira. Babi na gaba zai bi tarihin dashen ƙoda, daga wanda aka fara a Asibitin Aminu Kano a 2002 zuwa ƙodar aladen da aka gyara wa gado aka dasa wa wani majinyaci a Boston a Maris 2024, tare da tambayoyin da likitoci da malaman addini da iyalai ke yi game da wanda ya cancanci bayarwa da wanda zai karɓa.